Agogon Baba Mai Duban Arewa

Shekarun baya can, tun ina zuwa lise, wato sakandare, da farin hijabi da tsiwa fal baki, aka yi wa mahaifina wani abu a Zangon Kwatano wanda har gobe idan na tuna sai na ji wuyana ya ɗau zafi. Masu zuwa rumfata sayen shadda sun san ba ni da haƙuri. To ku sani ba wajensa na gado ba. Baba mutum ne da ko kaza ce ta shiga shagonsa, lallaɓa ta yake yi ta fita.

Gyaran agogo ne sana'arsa, a wani ɗan shago da ke manne da gidanmu, kuma shi ne ladanin masallacin layinmu tun kafin a haife ni. Ba shi da mota, ba shi da bene, bai taɓa zuwa Makka ba. Abin taƙamarsa a duniya muryarsa ce da lokacinsa. Matan layinmu da kiran sallarsa suke ɗora tukunya, da shi suke saukewa. In wani ya nuna masa waya ya ce lokaci ya yi, sai ya yi murmushi ya ce salla da rana aka ɗaura ta, ba da batir ba.

Akwai wata doguwar ƙusa da ya kafa a kan dal ɗin gidanmu, wato rufin simintin da aka zuba da niyyar ɗora bene, benen da har yau ƙarafunansa ne kawai suke tsaye suna tsatsa. Da inuwar ƙusar nan yake gane zawali da shigar la'asar. Sai dai Kwatano garin hadari ne. Da damina rana takan shige cikin gajimare ta yi zamanta, inuwa ta ɓace, Baba ya sauko yana ƙananan tsaki, ya koma ga agogon hannu ba don ransa ya so ba.

Wata rana wani abokinsa mai sayen tsofaffin kayan Turai da ake saukewa a por, wato tashar jiragen ruwa, ya kawo masa wani akwatin katako, ya ce a cikin tarkacen wata kwantena ya tsince shi. Shi dai ya ga lambobi irin na agogo, amma babu hannu mai tafiya, babu inda ake wanawa, in Malam Ladan bai gane shi ba to babu mai ganewa. A ciki wani bututun tagulla ne mai siffar mazurari, a kan ƙafa mai gwiwa da ake iya ɗagawa ko a kwantar. A babban bakinsa akwai gilashi da lambobin awoyi, a tsakiyar gilashin kuma wani ɗan tauraro da aka yanka daga wani irin dutse mai garai-garai, siriri kamar ɓawon albasa. In ka leƙa ta ƙaramin bakin, ba ya jawo nesa kusa, ba ya ƙara wa komai girma. Tauraron ne kawai a gabanka, da ɗan haske a bayansa.

Baba ya kwance, ya goge, ya mayar, bai gane ba. Ni ce na kai wa malaminmu na fizik labari, wani mutum mai fara'a da ke zaune a unguwar Agla. Ran Asabar sai ga shi a kan zem, wato babur ɗin haya, har ƙofar gida. Da ya buɗe akwatin sai da ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ba ya jin Hausa, Baba kuma Faransancinsa na ciniki ne, don haka ni ce tafinta, ina ta hura hanci kamar ni na ƙera abin.

Ya ce tsohon agogon rana ne na Turawan da, amma ba inuwa yake bi ba, kuma ba ranar ake duba da shi ba. Hasken rana, in ji shi, idan ya bazu a sararin sama yana da kwanciya, yadda zaren shadda yake da kwanciya. Ido ba ya ganinta kai tsaye, sai an juya yadin a ga sheƙinsa ya canza. Kwanciyar nan tana juyawa a hankali yadda rana take tafiya, kuma ɗan tauraron nan shi yake tona ta. Ka saita bututun ga arewa, ka sa ido, za ka ga tauraron ya yi launi, ja da kore. Ka yi ta murɗa ƙaramin bakin har launin ya mutu, sai ka duba inda ɗan tsinkensa ya tsaya a kan lambobi. Ko rana tana bayan gajimare, muddin akwai shuɗin sama a arewa, zai faɗa maka lokaci.

Sai dai ba ko'ina a arewa ba. Dole bututun ya kalli daidai inda tauraron arewa yake tsayawa. A Turai wurin yana can sama, sai an ɗaga kai. Mu nan muna gab da tsakiyar duniya, wurin ya sauko ƙasa-ƙasa, da kaɗan ya ɗara rufin gidaje. Don haka da muka hau dal, sai da malamin ya kwantar da bututun kusan a miƙe. Arewa da gidanmu kuwa gidan Alhaji ne, maƙwabcinmu mai manyan motoci, tsakar gidansa a buɗe, da makewayi marar rufi a kusurwa. Bututun ta saman gidan yake wucewa ya kalli sama. Amma wanda yake ƙasa ya ɗago kai, zai rantse shi aka auna. A ranar babu wanda ya kawo wannan a ransa cikinmu, duk muna can muna rububin ganin ja da kore.

Ban taɓa ganin Baba cikin farin ciki irin na watannin nan ba. Hadari ya haɗu, rana ta ɓuya, shi kuwa ya ɗauki akwatinsa ya hau, ya nemo ɗan shuɗin da ya rage a arewa, ya sauko yana cewa la'asar ta kusa. Kuma kada ku ɗauka wani abin a zo a gani ne wajen daidaito. Hazon teku da hayaƙin zem sukan dusashe saman nan na ƙasa-ƙasa, launin ya yi fatsi-fatsi, Baba ya yi ta murɗawa. Na sha kama shi yana satar kallon agogon hannunsa bayan ya gama. In na yi dariya sai ya ce gwada su yake yi, ya ga wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Akwai wata al'ada da iyayenmu suka zo da ita daga arewa, wadda yanzu a Zango sai tsofaffi. Namiji ba ya hawa bisa, ko rufi ko katanga ko bishiya, sai ya yi gafara, don matan maƙwabta su kintsa. Baba bai taɓa taka matakalar dal ba sai ya tsaya ya ce, "Gafaranku dai, za a hau bisa." Da muryar ladan fa. Har mai soyayyen kifi da ke bakin titi tana ji. Liman kansa, abokin Baba tun suna samari, ya sha hawa tare da shi. Da idona na gan shi ya tura hula baya, ya manna ido a bututun, yana cewa subhanallahi, dubi ikon Allah. Ni nake kai musu shayi can sama.

Alhaji ba mazauni ba ne, yana bin motocinsa har Nijar. Wata rana ya dawo daga tafiya gab da la'asar, ya shiga gidansa, ya ɗaga kai, ya ga bakin tagulla yana ƙyalli ta saman katangarsa, da tsoho durƙushe a bayansa ya manna ido. Gafarar da aka yi kafin ya iso, bai ji ta ba. Na yarda, ko ni ce sai na so in san me ake yi. To ya tambaya mana. Tsakanin ƙofarsa da shagon Baba ko gumi mutum ba zai yi ba. Bai zo ba. Teburin mai shayi ya nufa, inda direbobi da 'yan kasuwa suke zama, ya ce ladan ya sayi jimel yana leƙen iyalinsa a makewayi.

Jimel, wato madubin nan mai ido biyu da ake hangen nesa da shi. Abin Baba ido ɗaya gare shi, kuma ko ƙofar da ke gabanka ba ya matso maka da ita. Amma kalmar ta yi daɗin faɗa, ta zauna daram. Kafin a ce haka jimel ɗin ya fara gani ta cikin bango. Da aka kwana biyu ya fara gani ta cikin zane. Wata mata ta rantse yana ɗaukar hoto ana aikawa Turai.

Mu ne na ƙarshen ji. Mahaifiyata, Inna, ta dawo daga wani suna tun ba a raba abinci ba, ta zauna a bakin gado da mayafinta a jiki. Baba ya shigo ya tambaye ta ko lafiya.

"Malam, da na shiga, matan da ke zaune suka ja zannuwa suka rufe ƙafafu. Wata ta ce a yi hankali, matar mai jimel ta zo."

Sai da ta warware masa zancen tun daga tushe kafin ya fahimta. Da ya fahimta sai ya zauna a ƙasa, a nan inda yake tsaye. Ni kuwa har na sa takalmi.

"Ina za ki?" in ji Baba.

"Gidan Alhaji."

"Cire takalmin nan. Liman ya san abin da ke cikin bututun, ya duba da idonsa. Magana ɗaya zai yi a wuce wurin."

Na cire, ina huci.

Aka yi zaman a ƙofar shagon Baba bayan la'asar, Liman da Alhaji da dattawan masallaci. Ni ina ɗaki, kunnena a jikin taga. Alhaji ya yi bayani irin na wanda aka zalunta. Baba bai katse shi ba. Da ya gama, Baba ya shiga ya ɗauko akwatin, ya kafa abin a kan benci, ya ce, "Alhaji, bismilla, sa idonka."

"Ni? In sa idona inda aka sa ido aka kalli iyalina? Allah ya kiyaye."

Wani dattijo ya ce bari shi ya duba. Ya duba, ya ce shi bai ga komai ba, ko launin da ake faɗa babu. Dole ne. Ranar gajimare ya rufe saman layin, ɗan shuɗin da ya rage yana can arewa ƙasa-ƙasa, sai daga dal ake hango shi. Alhaji ya ce ai ga shi nan, an cire gilashin da ke ciki kafin a fito da shi. Baba ya ce to a hau dal, a kafa shi inda yake kafa shi kullum, kowa ya duba.

"Wato ku hau ku duka ku kalli gidana," in ji Alhaji. "Na mutum ɗaya bai isa ba."

Kun ga inda aka ɗaure shi? A ƙasa abin bai nuna komai ba, an ce ya ɓoye. A sama kuwa duk wanda ya hau don ya tabbatar, shi ma ya zama mai leƙe. Babu dattijon da zai taka matakalar nan bayan wannan maganar. Sai Baba ya juya wajen abokinsa Liman.

"Allah gafarta Malam, kai ka sha hawa. Faɗa musu abin da ka gani."

Ina jin ƙarar carbinsa daga inda nake. Ya yi gyaran murya, ya ce, "To, ni dai a lokutan da na hau, launi na gani. Abin da ake gani in ba na nan kuma, Allah ne masani."

Wallahi da Alhaji ne ya faɗi haka da ban ji zafi ba. Mutumin da ya sha shayin da na dafa da hannuna, a kan dal ɗin nan, yana tafa wa Baba kafaɗa. Ya san sarai abin ba ya nuna mutum ko ana nan ko ba a nan. Amma kowa a wurin ya san wanda ya shimfiɗa wa masallaci tayil, ya sa fankoki, ya kawo janareto. Ba a ambata ba, ba a kuma bukatar a ambata. Aka yanke cewa Malam Ladan ya ɗan huta da kiran salla har ƙura ta lafa, don zukatan jama'a. Aka shafa fatiha a kan wannan.

Da magariba ta gabato Baba ya riga ya yi alwala, ya sa hula, yana zaune a bakin ƙofa kamar kullum, jikinsa bai san an sallame shi ba. Sai muka ji an hura mikro, wata murya ta ɗauka, ta wani direban Alhaji, tana karkarwa tana yanke numfashi a tsakiyar kalma. Baba ya amsa kiran a hankali, kalma bayan kalma. Sannan ya tashi ya tafi masallacin ya bi sahu. Inna ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ni na tsaya a tsakar gida na rasa abin da zan fasa.

Washegari na yi abin da aka hana ni, kuma har yau ko ɗigon nadama ba na yi. Na jira Baba ya tafi azahar, na naɗe akwatin a cikin hijabi. Namiji ba zai hau dal ba, to ni mace ce, babu mai hana ni shiga gidan Alhaji. Na tarar da matarsa, Hajiya, a tsakar gida tana tsince shinkafa da 'ya'yanta mata. Na yi sallama irin wadda ba a jiran amsarta, na kife turminta, na kafa agogon a kai, na ɗan ɗaga bakinsa ya tsallake katangarsu. Ba lokaci nake nema ba, launi nake so ta gani, kuma Allah ya taimake ni ranar sama garau take.

Na ce, "Hajiya, zo ki ga tsiraicin da ubana yake kallo."

Ta dube ni kamar za ta kwaɗa min tiren, sai kuma ta ajiye ta taso. Ta sunkuya ta sa ido. Ta ce ja ne, ga kore kuma. Na murɗa mata bakin har launin ya mutu, na murɗo ya dawo. 'Yan matan suka taso suna ture juna, kowa na so ta gani. Na ce ta nemo min mace a ciki, ko kaza ta nemo na yarda. Ta kora 'ya'yan ɗaki, ta rage murya.

"'Yar nan, ba sai kin nuna min ba. Kullum muna jin gafararsa, mu ja mayafi ko mu shige ɗaki. Ranar ma mun ji, babu kowa a makewayi. Na faɗa wa Alhaji tun a ranar. Ya ce ya riga ya yi magana a gaban mutane."

"To ki fito ki faɗa."

"In ƙaryata mijina a layi? Ke ma za ki yi aure."

Muna cikin haka sai ga Alhaji ya dawo daga masallaci. Ban durƙusa ba. Na ce, "Baba Alhaji, ga shi a tsakar gidanka. Babu dal, babu iyalin kowa a gabansa, sai sama. Duba." Ya waiga hagu da dama, ya ga babu namiji a wurin, sai ya sunkuya ya sa ido. Ya daɗe. Har ya kai hannu ya murɗa bakin da kansa, ya murɗo shi baya. Sannan ya miƙe, ya kakkaɓe riga, bai dube ni ba.

"Ɗauki kayanki ki tafi gida. Yarinya ba ta shiga maganar manya."

Na fito da akwatina ina taku ɗai-ɗai, a ganina na gama yaƙi. Ƙuruciya ke nan. A zatona duk wanda idonsa ya ga gaskiya, bakinsa zai faɗe ta. Da Baba ya ji abin da na yi, abin da ya fi damunsa shi ne ban durƙusa na gaida Alhaji ba.

Bayan 'yan kwanaki sai ga Liman da ƙullin goro a ganye, fuska a sake, ya ce ya zo da albishir.

"Alhaji ya haƙura. Ya ce ya yafe, duniya da lahira. Gobe ka koma kan mikro. Abu ɗaya kawai, a bar hawa dal da abin nan."

Ina bayan labule, sai da na ciji hannuna. Ya yafe. Shi ne ma ya yafe. Baba ya daɗe yana kallon goron.

"Allah gafarta Malam, me ya yafe?"

"Malam, kada mu tsaya bin kalma."

"Ai kalma ce ta kawo mu nan. Wanda aka yafe wa, ya yi laifi ke nan. In na karɓi mikro a kan wannan, duk wanda ya ji muryata gobe zai ce mai leƙen nan ne aka yi wa afuwa. Ni ba na neman ya ba ni haƙuri, ba na neman ya durƙusa. A inda aka ƙulla maganar, a je a kwance ta. Bayan salla ka miƙe, ko shi ya miƙe, a ce an duba, babu komai a ciki sai launi. Shi ke nan."

"Alhaji babban mutum ne, ba a yi masa haka. Abin da ya kwanta a bar shi ya kwanta."

"A kaina ya kwanta."

Baba ya tura goron gaban Liman. Ban taɓa ganin Baba ya mayar da kyauta ba sai ranar. Da Liman ya fita, Inna ta fito tana share ido da gefen zane, ta ce, "Malam, da ka karɓa. Ai kowa ya san gaskiya." Ya ce, "In kowa ya sani, me ya hana mutum ɗaya ya faɗa?"

Babu wanda ya faɗa. Direban ya ci gaba da kira har muryarsa ta gyaru, mutane suka saba. Baba bai canza masallaci ba. A bayan Liman ɗin nan yake salla, in sun haɗu da Alhaji a ƙofa ya ba shi hannu. Wannan ya fi komai ƙona min rai, na sha yi masa magana, sai ya ce masallacin ba na Alhaji ba ne, tayil ɗin ne nasa. Dal kuwa bai sake hawa ba, ko don duba inuwar ƙusarsa. Sharaɗin da ya ƙi karɓa daga bakinsu, shi ya ɗora wa kansa, wai kada wata mata ta ji gafararsa gabanta ya faɗi. Da lokacin salla ya gabato sai ka ga ya ajiye agogon da yake gyarawa, ya zauna yana jira, har a kira.

Da ya rasu layinmu ya cika. Na zauna cikin mata ina jin maza a waje suna cewa mutumin kirki ne, bai taɓa cutar kowa ba. Liman har da hawaye a wajen addu'a. Alhaji ya aiko da buhun shinkafa. Inna ta riƙe min wuyan hannu gam tun safe har yamma, don ta san 'yarta. Ko a ranar, yana kwance a gabansu cikin likkafani, babu wanda ya miƙe ya faɗi 'yar maganar nan da ya roƙa.

Mutane suna ce min in bar wa Allah, ai an daɗe. Na bar wa Allah, amma ban huce ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar na huce ba. Ƙazafin a teburin mai shayi aka yi shi, da ƙarfi, kowa ya ji. Gaskiyar kuwa a tsakar gida aka faɗa min ita, da raɗa, bayan an kori yara. Hajiya ta sani, Liman ya sani, Alhaji ya fi kowa sani, kuma sanin nasu bai tsinana wa Baba komai ba. Shi ya sa yanzu in aka zo sulhu aka ce min wane ya yafe, sai na tambaya me ya yafe. Ana cewa na cika taurin kai. To.

Kwanan baya wata matashiya ta zo rumfata a kasuwar Godome, ta zaɓi shadda mai kyau, muna ciniki muna hira. Ta ji Hausata ta ce ita ma 'yar Zango ce, ta tambaye ni wane gida. Na kwatanta mata layin, da masallacin, da gidan da ke da ƙarafuna a kan dal. Fuskarta ta washe, ta yi dariya, ba da mugunta ba, irin dariyar wanda ya tuna labarin da ya ji yana yaro.

"Au, gidan tsohon nan mai jimel? An ce har ta bango yake gani."

Na ce, "Gidan Ladan ake cewa."

Ta yi tunani da gaske, sannan ta ce, "Au, da ladan ne?"

Na ninke shaddar na mayar kan tebur, na ce mata ba ta sayarwa ba ce.